GYARAN BAKA DA ƘOTA: RUWA NAWA AKE SA WA GAM?

Wasu daga cikin 'yan ƙungiya da ke zaune a Kambarawa, cikin Katsina, sun kawo mana tambaya. Suka ce idan baka ya tsage, gam ɗin kafinta kuwa ya yi kauri har ba ya shiga tsagar, ko ya kyautu a tsinka shi da ruwa? In ya kyautu, ruwa nawa? Amsar a taƙaice ita ce: ana sa ruwa, amma kaɗan ƙwarai, kashi 1 cikin 20. Akwai kuma tsagar da ba ta gyaruwa ko da wane irin gam. Za mu yi bayanin dalili, domin baka da aka yi wa mugun gyara yakan karye a daidai fuskar mai shi, ya yi masa lahani a ido. Abin da za mu faɗa ya shafi ƙotar fartanya da ta galma da karkiyar shanu kuma.

DALILIN DA ZA A GYARA

Baka tsohon kayan aiki ne a ƙasar nan. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka ne ƙarfin jama'ar Shehu Usmanu a gaban dawakin Gobir. Yau bindiga ta karɓe wurin baka a hannun maharba da yawa, amma har yanzu akwai gidajen da ake rataye da shi, don farautar rani da tsaron gona daga ɓarnar dabbobi. Wani kuwa na gado ne, ubansa ya bar masa.

Itatuwan da aka saba yin baka da su sun haɗa da dargaza da ɗunɗu da gora, don suna lanƙwasa su koma yadda suke. Ƙota kuwa akan sassaƙa ta da marke ko aduwa da irinsu. Kowa ya san itatuwan nan sun yi ƙaranci kewaye da birni. Dazuzzukan da ake samo su a dā, kamar Dajin Rugu, rashin zaman lafiya na shekarun nan ya sa shigarsu ta zama haɗari. Ga shi kuma sandar baka tana bukatar kamar shekara guda a inuwa kafin ta bushe sosai. Saboda haka wanda ke da mai kyau, ya kamata ya san yadda zai riƙe shi.

ABIN DA KE TSAGA ITACE

Itace ko ya bushe, yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta. A watan Agusta, lokacin da iska ke da laima, busasshen itace yakan riƙe ruwa kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsa. Da hunturu ya kankama, a watan Disamba da Janairu, sai ruwan ya sauko zuwa wajen kashi 5. Itace yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani. Tsukewar nan a kauri take, a tsawo kuwa kusan babu. Bayan itacen ne ke fara bushewa tun cikinsa bai bushe ba. Bayan yana so ya tsuke, cikin ya hana shi, sai ya dare. Shi ya sa yawancin tsaga ke bin tsawon itace, shi ya sa kuma ta fi fitowa da hunturu.

Baka yana da wata wahala ta dabam. In an ja tsirkiya, gefen da ke duban abin harbi, wanda za mu kira baya, miƙewa yake yi kamar igiyar guga. Gefen da ke duban maharbi, wato ciki, matsewa yake yi. Kafin a taɓa gam, sai a kwance tsirkiya, a goge bakan, a fita da shi haske a dubi inda tsagar take da inda ta nufa.

TSAGA IRI BIYAR

1. Siririyar tsaga mai bin tsawon itace, a gefe ko a ciki. Wannan ta bushewa ce, ita ce kuma ta fi sauƙin gyara.

2. Sartse da ya ɗago a baya. Yana gyaruwa in ƙarami ne, bai ci cikin itacen ba, amma dole a naɗe shi bayan gam.

3. Tsagar da ta gitta baya, wato ta yanke jijiyar itace a kwance. Wannan ba ta da magani. Gam yana haɗa jijiya da jijiya gefe da gefe, ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke.

4. Ƙananan layuka kamar gashi da suka gitta ciki. Alama ce itacen ya murƙushe don matsi. Gam ba ya ta da abin da ya murƙushe.

5. Ƙananan huji masu zubo da gari. Ƙwaro ya ci cikin, abin da ake gani a waje ɓawo ne kawai.

In an ga na 3, ko na 4, ko na 5, sai a haƙura. A cire tsirkiya, a rataye shi don tunawa da mai shi, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

YADDA FARIN GAM KE KAMAWA

Farin gam ɗin da kafintoci ke amfani da shi, irin su Top Bond, ana yinsa da wani sinadari da Bajamushe Fritz Klatte ya gano a 1912. In ka dubi gam ɗin kamar kindirmo yake. A gaskiya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa, ruwan kuwa ya kai rabin abin da ke cikin robar ko ya fi. In an shafa shi, itace ya tsotse ruwan, iska ta ɗebe saura, sai ƙwayoyin su haɗu su zama fata guda mai ƙarfi, wadda ta kama ƙofofin itacen ta kowane gefe.

To, ga inda matsalar take. Gam mai kauri yakan tsaya a bakin tsaga, ya rufe ta daga waje, cikin kuwa fayau. Mai shi ya ga kamar ta gyaru, ran da ya ja sai ta buɗe. In kuma an cika ruwa, gam ya shiga ko'ina lafiya lau, amma da ruwan ya bushe, abin da ya rage bai isa ya cika tsakanin itace da itace ba. Busasshen itacen hunturu ma yakan shanye tsinkakken gam ɗungum, ya bar tsagar da yunwa. Kamar kunu ne: in ya yi kauri yaro ba ya iya sha, in ya tsinke ya sha ya ƙoshi amma ba ya riƙe ciki.

Masu yin irin wannan gam sun ba da iyaka: kada ruwan da za a ƙara ya wuce kashi 5 cikin 100. Ga yadda za a auna a gida:

Cokalin shayi 1 na gam, ɗigon ruwa 5.
Marfin kwalba 20 na gam, marfi 1 na ruwa.

Cokali ɗaya ya isa tsagar baka har ya yi saura. A ɗebi gam a zuba a wani ƙaramin mazubi, a can za a tsinka. Kada a zuba ruwa cikin babbar roba, don zai lalata sauran. A yi amfani da ruwa mai tsabta, a juya da tsinke har ya haɗu. In an ɗaga tsinken, gam ya riƙa zuba kamar zuma. In yana ɗiga kamar madara, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara gam.

Gam ɗin da ya tsufa, ya yi gudaji, ko yana jan zare, ko yana tsami, ruwa ba ya ta da shi. A zubar. Yawanci roba ba ta wuce shekara 1 zuwa 2 da kyaunta, a zafin ƙasarmu ma takan gaza haka.

DABARUN SHIGAR DA GAM BA TARE DA ƘARA RUWA BA

Sau da yawa ba a ma bukatar ruwan. A tsoma mazubin gam cikin ruwa mai ɗumi na minti 10, zai saki jiki. A ɗan shanya bakan a hantsi ya yi ɗumi, sa'an nan a shigo da shi inuwa; yayin da yake hucewa yakan ja gam zuwa ciki. A sa wani ya lanƙwasa shi a hankali ta yadda tsagar za ta buɗe baki. A tura gam da babban yatsa, a sake, a kuma lanƙwasawa, sau da yawa, har a ga gam na fitowa ta ƙarshen tsagar. Sabon sirinji marar allura yana taimako ƙwarai. Haka kuma ana iya jiƙa zare da gam a ja shi cikin tsagar.

SAURAN IRIN GAM

Ƙaro. Yana da kyau wajen tawada da takarda. A itace kuwa yakan bushe ya farfashe, laima kaɗan ta narkar da shi. Bai dace da baka ba.

Gam ɗin takalmi, irin su Evo-Stik, da solushan na faci. In sun bushe kamar roba suke, suna miƙewa. Ba sa riƙe tsaga. Tururinsu kuma yana kama wuta.

Super Glue. Harry Coover ne ya gano shi a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Tsinkakke ne tun asali, yana bin tsagar da ta yi siririn gashi har ƙarshenta. Ga irin wannan tsaga ya fi farin gam. Amma ba ya cika rami, yana kuma da gautsi. Ba a sa masa ruwa. A kiyaye ido, kada kuma a goge shi da auduga, don yakan yi zafi har ya ƙona hannu.

Araldite. An fara yinsa a Suwizalan a 1946. Bututu biyu ne, ana haɗa su daidai wa daida. Shi ne ya fi dacewa da tsaga mai faɗi, yana kuma jure laima. A nemi mai jinkirin bushewa, ya fi mai minti 5 ƙarfi. Ba a tsinka shi da ruwa ko fetur. Ɗumi kaɗan ya isa ya sa shi gudana.

Gam ɗin fata. Wannan shi ne na dā. Turkawa da Mongolawa da shi da na kifi suke haɗa bakunansu na ƙaho da jijiya da itace. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka buɗe a Masar a 1922, an sami irin waɗannan bakuna, bayan sun yi shekara fiye da 3,000 a ƙasa. Kowa na iya yinsa. A samo guntayen ɗanyar fata wadda aka cire wa gashi, ba jemammiya ba, don jemammiya ba ta ba da gam. A yayyanka ƙanana, a wanke, a jiƙa kwana ɗaya. A zuba a gwangwani da ruwan da ya rufe ta, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, a bar shi awoyi da yawa a kan wuta kaɗan. Zafin da ake so kamar digiri 60 ne, wato yatsa ya shiga amma ba ya iya daɗewa. In ya tafasa ƙarfinsa ya ragu. A tace, a ci gaba da ɗumamawa har ya yi kaurin zuma.

Shi gam ɗin fata ya yarda da ruwa fiye da farin gam. Akan fara shafa tsinkakke mai ɗumi ya shiga ƙofofin itace, sa'an nan a bi da mai kauri. Yayin bushewa yana tsukewa, ya jawo bakin tsagar. Ba ya kuma saki a hankali a ƙarƙashin ja, abin da farin gam kan yi in ya daɗe a ɗaure, musamman a zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da Katsina kan kai digiri 40. Aibinsa biyu ne: ba ya son laimar damina, kuma in an dafa yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Yana daskarewa da ya huce, don haka a ɗumama itacen tukuna, a yi sauri.

YADDA ZA A YI AIKIN

Na fari, tsabta. Yawancin bakuna an sha shafa musu man shanu ko man kaɗe, gam kuwa ba ya kama maiƙo. A kankare bakin tsagar da reza, a fitar da ƙura da tsinke ko tsohon buroshin haƙori, a wanke da sipirit, a bari ya bushe. Kada a sa kananzir, don shi ma maiƙo yake bari.

Na biyu, lokaci. A yi aikin da sassafe, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Da hunturu farin gam yakan fara yin fata cikin minti 5 ko ƙasa da haka. A shirya kome a kusa kafin a buɗe roba.

Na uku, a shigar da gam kamar yadda muka faɗa, har ya fito.

Na huɗu, matsi. A yanka tsohon tif na keke, faɗin inci 1. A sa 'yar leda a kan tsagar don kada robar ta manne, a naɗa da ƙarfi, kowane zagaye ya hau rabin na baya. In gam ya ɗan tsattsafo ta gefe, matsi ya yi daidai. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Na biyar, haƙuri. A bar shi awa 24 cif, da damina kwana 2. Kada a sa shi a rana ko kusa da murhu don ya yi saurin bushewa.

Na shida, naɗi. A kwance robar, a kankare gam ɗin da ya bushe a waje. A naɗe wurin da jijiya, ko siririyar ɗanyar fata da aka jiƙa, ko zare mai ƙarfi irin na masu ɗinkin takalmi. Naɗin ya zarce tsagar da inci 1 ta kowane ƙarshe, zare na jikin zare, ba rata. A shafe shi da gam. A nan ne tsinkakken gam ke da amfani sosai, don zai ratsa zaren. Ɗanyar fata tana tsukewa in ta bushe, ta riƙe wurin tamau. A ba shi mako guda.

GWAJI

Kada a ɗauki bakan da aka gyara a tafi daji kai tsaye. A ɗaura tsirkiya sako-sako. A kori yara, a kau da fuska gefe. A ja rubu'in ja sau 20, a duba. A ja rabi sau 20, a sake dubawa. A kasa kunne: in an ji ƙas, ko naɗin ya motsa, ko gam ya yi fari a bakin tsagar, gyara bai ci ba, a tsaya nan. In lafiya, a ƙara kaɗan kaɗan har a kai cikakken ja, sa'an nan a harba kibiya 'yan kaɗan a jikin dami. Sannu ba ta hana zuwa. Kada a saki tsirkiya ba kibiya, ko a sabon baka, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi a itacen zai koma. Waɗanda kuma ke da tsofaffin kibau masu dafin kwankwani, su ajiye su nesa da wurin aiki, dafin yakan daɗe bai mutu ba.

ƘOTA DA KARKIYA

Ƙotar fartanya da ta galma takan tsage a kai, inda aka huda aka sa ƙarfe. In tsagar ƙarama ce, a cire ƙarfen, a bi matakan nan shida, a naɗe kan da ɗanyar fata ko waya sama da ƙasan hujin. Tun da ƙota tana aiki cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Araldite ya fi farin gam a nan. Karkiyar shanu ma haka, in tsagar na bin tsawo ce, ba ta kai hujin da ake sa sanda ba. In ta gitta, a sake wata, kada ta karye a tsakiyar huɗa ta ji wa sa rauni a wuya. Ƙotar gatari kuwa ba mu ba da shawarar gyara ta ba sam. In ta tsage a canja, gama kan gatari in ya fita ba ya zaɓen inda zai faɗa.

Rigakafi ya fi magani. A kwance tsirkiya duk lokacin da aka dawo. A rataye baka a kwance cikin ɗaki, nesa da kwanon rufi da murhu. Da shigowar hunturu, a shafa wa baka da ƙotoci man kaɗe kaɗan, ya rage saurin bushewa. Wanda ya sari sabuwar sanda, ya toshe kawunanta biyu da kakin zuma, ya ajiye ta a inuwa, don ta kai ne ruwa ya fi saurin fita. Wanda kuma ya sari ɗaya, ya dasa biyu.

AIKIN ƘUNGIYA

Mutum ɗaya in ya sayi robar gam, cokali biyu zai ɗiba, saura ya bushe a kan taga. Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta yi akwatin gyara guda: ƙaramar robar farin gam, Araldite, sipirit, sirinji, reza, zare, da tsohon tif. A rubuta ranar saye a jikin robar. A damƙa akwatin ga mutum ɗaya mai riƙon amana, ya riƙa rubuta wanda ya ɗiba. A sa rana guda cikin watan Maris ko Afrilu, kowa ya kawo kayan aikinsa a duba tare, tun ruwa bai sauka ba. A gayyaci dattawan maharba da masassaƙa na unguwa, Kirista da Musulmi, don sun fi mu sanin itace, matasa kuma su zauna su koya.

A Littafin Sarakuna na Biyu, sura 6, akwai labarin mutumin da kan gatarinsa ya faɗa cikin Kogin Urdun. Abin da ya fi damunsa shi ne gatarin na aro ne, annabi Elisha kuwa bai rena damuwarsa ba. Yawancin kayan ƙungiyoyinmu na aro ne a hannun kowane ɗayanmu. Wanda ya ari galma ta tsage a hannunsa, ya faɗa, a gyara, kada ya shafe ta da ƙasa ya mayar a ɓoye, ɗan'uwansa ya je ya ji ciwo.

Wanda ya gwada gam ɗin fata, ko yake da wata dabara ta wajensu, ya ba sakataren ƙungiyarsa ya aiko mana, mu buga don amfanin kowa. Ubangiji ya kiyaye mu, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.